Bobuwa a garkunan Legas: ire-irenta, lokutan tashinta da cutar da take ɗauka a baki

Tun watan Satumban 2021, da Gwamna Babajide Sanwo-Olu ya sa hannu a dokar hana kiwon sake, ya zama tilas ga mai shanu a Jihar Legas ya tsare dabbobinsa a killataccen wuri. Filin da ya rage wa irin wannan kiwo yana gefen gari ne, wajen Ikorodu, Epe, Ibeju-Lekki da Badagry, kuma yawancinsa ƙasa ce mai ruwa: fadama, bakin rafi, ko gaɓar manyan tafkunan da suka ratsa jihar. Mutane da dama sun ɗauka in saniya ta daina shiga kurmi to ta rabu da ƙudan tsando, in ta rabu da tsando kuwa ta rabu da cutar sammore. Amma ana iya samun garken da ba a taɓa ganin tsando a cikinsa ba, sammore kuma yana bin shanun ɗaya bayan ɗaya. A watan Yulin 2023 kuma cutar antiraks, wadda wasu makiyaya ke kira ciwon saifa, ta ɓulla a Najeriya har ta kai Legas, ita ma kuwa ƙuda mai cizo yana iya kai ta daga dabba zuwa dabba.

A yaɗuwar cututtukan nan biyu ana iya samun hannun bobuwa, babban ƙudan nan mai zafin cizo da kowane makiyayi ya sani. Saninta da ido dai daban, sanin inda take hayayyafa da lokacin da take tashi daban, kuma a kan na biyun ne ake yawan yin asarar kuɗin magani.

Ƙudaje uku da ake rikitawa

Kafin a sayi magani ko a kafa tarko, sai an tabbatar da wane ƙuda ne ke damun garken, don ukun da ke shan jinin shanu a Legas ba hali ɗaya gare su ba.

Ƙudan tsando in ya sauka yana ɗora fikafikansa ɗaya kan ɗaya, bakinsa kuma a miƙe yake gaba. Namiji da mace duk suna shan jini. Ba ya yin ƙwai a waje, macen takan haifi tsutsa ɗaya tak duk bayan kwana 9 ko 10, shi ya sa tarko kaɗan kan iya rage shi ƙwarai. Irin da aka fi sani a kudu maso yamma shi ne Glossina palpalis, mai son inuwar bakin rafi. Ƙwayar sammore tana girma a cikin jikinsa, kuma in ya ɗauka ya ɗauka ke nan har ya mutu.

Na biyu ƙarami ne, in ba an lura ba sai a ce ƙudan gida ne, sai dai yana da tsinin baki. Masana suna kiransa Stomoxys, a nan za mu ce masa ƙudan garke, don a cikin garken yake hayayyafa, a ruɓaɓɓiyar ciyawa da ragowar harawa da dusa da suka cakuɗe da kashi da fitsari. Ƙafafu yake bi. In ka ga shanu suna ta buga ƙafa a ƙasa suna cunkushewa wuri guda, yawanci shi ne.

Bobuwa ita ce ta uku. Macen kaɗai ke shan jini, don sai da shi ƙwanta ke ƙosawa, namijin ruwan fure yake sha. Ba huda fata take yi ba, yankawa take yi, jini ya taru ta lashe, yawunta kuma yana hana jinin daskarewa. Shi ya sa bayan ta tashi za ka ga jini yana bin ƙafar saniya ko wuyan doki, sauran ƙudaje sun taru a kan mikin.

Ire-iren bobuwa

Dangin bobuwa, wanda a kimiyyance ake kira Tabanidae, ya haura iri 4,000 a duniya. Waɗanda suka shafi mai kiwo a nan ƙasar sun kasu gida kaɗan, kuma ana iya bambance su da ido in an kama ɗaya an duba fikafikanta.

Manyan su ne 'yan gidan Tabanus, tsawonsu daga milimita 10 zuwa 25, masu kauri da manyan idanu, kuma ana jin ƙararsu kafin su sauka. Tabanus taeniola, mai zane-zane a tsaye a bayan cikinta, tana cikin waɗanda suka fi yaɗuwa a Afirka baki ɗaya. Tabanus biguttatus baƙa ce, babba. Akwai kuma Tabanus par, Tabanus gratus, da Tabanus secedens da aka fi samu a yankin kurmi. Kusa da su akwai Ancala fasciata, mai jiki ruwan lemo da koren ido da baƙin ratsi a fiffike, wadda ba ta nisa da manyan ruwaye. Atylotus agrestis kuwa, mai launin ƙasa-ƙasa, 'yar filin ciyawa ce, ta fi yawa can arewa.

'Yan gidan Haematopota ƙanana ne, launin toka, fikafikansu masu ɗige-ɗige a kife bisa jiki. Ba a jin zuwansu, sai dai a ji cizo. Ba su damu da sai rana ta buɗe ba, ko da hadari suna aiki.

'Yan gidan Chrysops su ma ƙanana ne, ba su cika wuce milimita 11 ba, da baƙin ratsi da ya gitta fiffike da idanu masu ƙyalli. Sun fi bin kai da wuya, kuma sun fi sauran son jinin mutum. Biyu daga cikinsu, Chrysops silacea da Chrysops dimidiata, su ke yaɗa tsutsar ido a kurmin kudancin Najeriya da Afirka ta Tsakiya.

Amfanin wannan rarrabewa shi ne kowane iri da watanninsa. Wanda ya ce bobuwa ta yi yawa a Yuni da wanda ya ce a Nuwamba take yawa, ta yiwu kowa gaskiya ya faɗa, ba dai iri ɗaya suka gani ba.

Yawancin rayuwarta a laka take

Mace takan dasa ƙwanta a dunƙule, daga 100 har zuwa 1,000, a ƙarƙashin ganyen ciyawa ko reshen da ya rufa kan ruwa ko taɓo. Cikin kamar mako guda su ƙyanƙyashe, tsutsotsin su faɗa laka. A nan suke daɗewa, wata biyu, uku, wani lokaci fiye da haka in yanayi bai yi musu daɗi ba. Tsutsar Tabanus mafarauciya ce, tana cin tana da ƙananan ƙwari har da 'yan'uwanta, don haka a warwatse ake samunsu, ba a cunkushe ba. In ta ƙosa sai ta matsa gefe inda ƙasa ta ɗan sha iska, ta shiga ƙwanso na mako ɗaya zuwa uku, sannan ta fito da fikafikai. Bayan fitowarta ba ta cika wuce wata guda a raye ba, tana neman jini duk bayan kwana uku ko huɗu.

Tsutsar Tabanus biguttatus tana da wata dabara da ke nuna yadda dangin nan ya saba da rani. In kududdufi ya fara ƙafewa, sai ta zagaya cikin lakar ta yanke wani ɗan dunƙule mai siffar ganga ta zauna a tsakiyarsa. Lakar in ta bushe ta tsattsage, tsagar takan bi gefen dunƙulen ta bar ta a rufe.

Abu biyu ke fitowa daga nan. Na farko, bobuwar da ke cizon shanu yau an dasa ƙwanta watanni da suka wuce, don haka yawanta yana bin ruwan baya ne, ba na wannan makon ba. Na biyu, ba a garke aka haife ta ba. Share garke yana kashe ƙudan garke, amma bai taɓa bobuwa ba, wadda ke iya tasowa daga fadamar da ke da nisan kilomita ko fiye.

Damina ko rani?

A kan wannan ne ra'ayi ya rabu, har tsakanin waɗanda suka daɗe a sana'ar.

Masu cewa damina suna da hujja. Laka ce gidan tsutsa, ruwa kuma ke kawo laka. Haematopota da Chrysops da damina suke tashi, in ruwa ya ɗauke su ragu ƙwarai. Wanda ya taso a Kano ko Sakkwato da wannan lissafi ya saba: ruwa ya sauka, ƙuda ya biyo baya, ya yi tsanani wajen kaka, hunturu ya share shi. Atylotus agrestis, alal misali, a ƙarshen damina da farkon rani take cika fili a ƙasashen ciyawa na Afirka ta Yamma.

Masu cewa rani su ma ba su yi ƙarya ba. In ruwa ya janye, wuraren shan ruwan dabbobi sukan taƙaita, kuma su ne dai wuraren da laka ta saura. Shanu da bobuwa sai su haɗu a bakin ruwa ɗaya. Ga kuma rana a buɗe, bobuwa kuwa da ido take farauta, tana son zafi da haske. Ranar da ake tafka ruwa ko iska ke kaɗawa ba ta tashi sosai, ko da tana nan da yawa a cikin ciyawa. Wannan ya sa ƙidayar tarko ma sai an yi hattara da ita, don tarko yana nuna yawan masu tashi ne a ranar, ba yawan waɗanda ke raye ba.

Legas kuma ta ƙara dagula lissafin. Ruwan da take samu a shekara ya haura milimita 1,500, kusan ninki biyu na abin da Kano ke samu, kuma kashi biyu yake zuwa. Yakan fara wajen Maris ko Afrilu, ya yi ƙarfi a Yuni da Yuli, ya tsagaita a Agusta, ya dawo a Satumba da Oktoba. Hunturunta gajere ne mara kaifi, gaɓar tafkuna da rafuka kuwa ba ta bushewa ko a Fabrairu. Ke nan babu watan da mai garke a bakin ruwa zai ce ya huta ɗungurum.

In aka haɗa halin ƙudan da wannan yanayi, lokutan da suka fi cancantar a sa ido su ne waɗanda laka da rana suka haɗu. Farkon damina, daga Afrilu zuwa Mayu, ruwan fari yana tayar da tsutsotsin da suka yi rani a ƙasa, rana kuma tana fitowa tsakanin ruwa da ruwa. Tsakiyar Yuni da Yuli ambaliya kan rufe gaɓar da tsutsa ke zama, ranakun hadari kuma su hana manyan Tabanus tashi, sai dai ƙananan Haematopota su ci kasuwarsu. Tsagaitawar Agusta tana iya kawo ɗan tashi. Daga ƙarshen Oktoba zuwa Disamba kuwa ruwa yana janyewa ya bar laka shimfiɗe ko'ina, sama ta washe, wannan shi ne lokacin da ya fi dacewa da manyan bobuwa. Wannan zanen gaba ɗaya ne. Garken da ke kan tudu a Ikorodu da wanda ke gaɓar ruwa a Epe ba za su yi daidai ba, kuma abin da zai raba gardama ga kowane garke shi ne tarko ɗaya da littafin rubutu: a ƙirga abin da ya kama kowane mako, a ware manya da ƙanana, har shekara ta zagayo.

A cikin yini ma tana da sa'o'inta. Yawanci daga hantsi take farawa, ta yi ƙarfi da tsakar rana zuwa la'asar. Akwai ire-iren da ke kaiwa magariba, amma da sassafe da dare garke yana samun sauƙi.

Yadda take kai cuta

Zafin cizonta shi ne tushen matsalar. Saniya ba ta barin ta ta ƙoshi, sai ta kaɗa wutsiya ko ta girgiza fata. Bobuwar ta tashi da jini ɗanye a baki, ta sauka a kan ta kusa ta ƙarasa. Aikinta ɗaya da allurar da aka yi wa dabba mara lafiya aka soka wa mai lafiya ba a canza ba. Ƙwayar sammore ba ta girma a jikinta kamar yadda take yi a jikin tsando, kuma ba ta daɗewa a bakin, cikin mintuna ƙarfinta ke raguwa yayin da jinin ke bushewa.

An gwada wannan a Burkina Faso. A binciken da Desquesnes da Dia suka wallafa a 2003, an tsare karsana masu lafiya tare da masu ɗauke da Trypanosoma vivax, wani nau'in ƙwayar sammore, a cikin shingen da aka rufe da raga, babu tsando ko ɗaya, ana sakar musu Atylotus agrestis kullum. Cikin kwana 20, kashi 63 cikin 100 na masu lafiyar suka kamu. Wata shaidar ita ce Kudancin Amurka, inda babu tsando sam, amma wannan nau'in sammore ya zauna daram a shanunsu ta hanyar ƙudaje masu cizo. Haka ma Trypanosoma evansi, mai kama raƙuma da dawaki, bobuwa ce babbar mai yaɗa shi.

Masana ba su haɗu a kan nauyin da za a ɗora mata ba a inda tsando yake. Wasu suna ganin tsando ne ke riƙe da cutar a yanki, bobuwa tana ƙara mata gudu ne kawai a cikin garke, in an kawar da tsando cutar za ta lafa. Wasu suna nuni da wuraren da aka kawar da tsandon amma vivax bai tafi ba. Ga mai garke a Legas bambancin bai da yawa, don cutar ba sai tsando ya kawo ta ba. Tirela ce ke kawo ta, a jikin sa ɗaya da aka sayo ba a san tarihinsa ba.

Ban da sammore, ta wannan hanya tana iya ɗaukar antiraks daga dabbar da ke gab da mutuwa, da cutar Anaplasma mai cinye jini, da wata cutar ƙarancin jini ta dawaki wadda ba ta da magani. Cutar nan ta dawakin Afirka mai kumbura kai da toshe numfashi kuwa ba aikinta ba ce, wasu 'yan mitsi-mitsin ƙwari ne masu tashi da magariba.

Ko babu cuta akwai asara. An ƙiyasta bobuwa 20 zuwa 30 in suka shafe awa 6 a kan dabba za su iya zuƙe kusan mililita 100 na jini. Abin da ya fi wannan ci shi ne hana kiwo: saniyar da ta wuni tana kora ba ta ci ta ƙoshi ba, nono ya ragu, ƙiba ta tsaya.

Tazara, inuwa da lokaci

Tun da cutar ba ta daɗewa a bakinta, kuma bobuwar da aka kora dabba mafi kusa take nema, tazara magani ce. Gwajin da aka yi da dawaki a Brazil ya nuna tana sauya dabba in tazarar mita 5, 10 ko 25 ce, amma a mita 50 ba a ga ta sauya ba. A Amurka ƙa'idar ware dokin da ke ɗauke da cutar ƙarancin jini yadi 200 ce, wato wajen mita 180.

A Legas wannan yana da wuyar samu. Fuloti ɗaya ƙafa 60 ne da 120, bai kai ko mita 40 a tsawo ba. Wanda ba shi da fili sai ya nemi abin da zai maye gurbin tazarar, wato rumfa mai duhu. Yawancin manyan bobuwa ba sa son shiga inuwa mai rufi. Rumfa mai jinka ko kwano, da aka kare gefenta da asabari ko raga, ta isa a ware sabuwar dabba ko mara lafiya a ciki. Sabon saye ya yi mako biyu zuwa uku a ware, don sammore yakan ɗauki kusan haka kafin ya bayyana. Abin dubawa shi ne zazzaɓi mai zuwa yana komawa, hawaye, gashi a tashe, kaluluwa a gaban kafaɗa, rama duk da ana ci, da dasashi ko cikin fatar ido da ya koɗe.

Rumfar tana da nata sharaɗi. In aka bar shimfiɗa da ragowar abinci suna ruɓewa a ciki, an kori bobuwa an gayyato ƙudan garke, wanda shi ma yana ɗaukar cuta a baki, kuma daga ƙwai zuwa tashi mako biyu zuwa uku ya ishe shi. A kwashe jiƙaƙƙen juji aƙalla sau ɗaya a mako, a baza shi ya bushe ko a tara a rufe da leda. Wannan shi ne gefen kiwon killace da ba a cika faɗa ba: yana rage haɗuwa da tsando, amma yana matse dabbobi kusa da juna, abin da masu ɗaukar cuta a baki suke so ke nan.

A watannin tashinta, a shayar da dabbobi a sake su cikin shinge da sassafe da yamma liƙis, tsakar rana su kasance a inuwa. In da hali a ja ruwa zuwa kwami a kan tudu maimakon kai su bakin rafi. A sassabe ciyawar da ta rufa kan kududdufin da ke cikin gona, a gyara famfon da ke zuba. Dabba mai duhun jiki ta fi jan bobuwa, don haka a garken da ya haɗa fararen Bunaji da jajayen Rahaji, jajayen za a fi gani da miki, su ya kamata a fara ba inuwa.

Hayaƙin da makiyaya ke turawa da yamma yana korar ƙudaje da dama. Sai dai binciken da aka yi a Kumba ta Kamaru a shekarun 1950 ya gano hayaƙin itace yana jawo Chrysops silacea ne, ba korarta yake ba. Wanda garkensa ke bakin kurmi ya kula da hura wuta da rana.

Feshi ko tarko

Masu goyon bayan magani suna cewa shi ne mai saurin aiki, kuma yana haɗawa da kaska da tsando. Haka ne, in maganin na dangin deltamethrin ko cypermethrin ne, na feshi ko na zubawa a gadon baya. Amma a kan bobuwa aikinsa ragagge ne. 'Yan mintuna take yi a jikin dabba, tana da girma, sau da yawa ta riga ta yi cizon kafin maganin ya kama ta. Na gadon baya ba ya isa ƙafafu da ciki da ƙarfi, nan ne kuwa ire-ire da yawa suke sauka, don haka feshin da aka nufi ƙafafu da ƙasan ciki ya fi shi, ya kuma fi araha. Ruwan Legas yana wanke shi da wuri, sai an riƙa maimaitawa bisa abin da takardar maganin ta ce.

Kurakuran da ake yi a nan sanannu ne. Amitraz maganin kaska ne, ba ya kashe ƙuda yadda ake zato. Allurar ivermectin ba ta hana cizo. Fiya-fiya da magungunan feshin gona ba na jikin dabba ba ne, suna iya kashe ta, su kuma shiga nono da nama. Zuba magani a fadama don kashe tsutsa asarar kuɗi ce, tun da a warwatse take cikin laka, kuma dangin deltamethrin guba ne mai ƙarfi ga kifi. A yankin da maƙwabcinka ke da tafkin tarwaɗa, kamar Ikorodu da Epe, ko wanke tankin feshi a rafi yana iya jawo rigimar da ta fi ta ƙuda.

Masu goyon bayan tarko suna cewa ba ya ƙarewa kamar magani kuma ba ya da guba. Wanda ya fi suna a kan bobuwa shi ne tarkon Nzi, da Steve Mihok ya ƙirƙira a cibiyar ICIPE da ke Nairobi. Tela zai iya ɗinka shi. Kusurwa uku gare shi, kowane gefe kamar mita ɗaya: shuɗin yadi a gaba mai jawo ƙudan, baƙin yadi a ciki inda yake sauka, farar raga a baya da sama da ke kai shi cikin gora ko leda a ƙololuwa. Shuɗin ya zama mai haske na auduga mara ƙyalli, in aka sa mai sheƙi ko wanda ya koɗe kamun yana faɗuwa. A kafa shi a fili inda rana ke bugu, tsakanin fadama da garke, a share ciyawar gabansa, a kare shi daga shanu, a shafa giris a sandunan don tururuwa. Gorar fitsarin shanu da ya yi kamar mako biyu a ajiye, in aka aje ta a gindinsa, tana ƙara kamu.

Gaskiyar da ɓangarorin biyu ya kamata su karɓa ita ce babu ɗayansu da ke ƙarar da bobuwa. Mai dasa ɗaruruwan ƙwai a fadamar da ba taka ba, ba a gama da ita da tarko biyar. Tarko yana rage cizo a kusa da garke, yana kuma faɗa maka makon da ya kamata ka kashe kuɗin feshi. Feshin duk shekara ba tare da wannan sani ba shi ne tsada.

Allurar sammore

Inda aka fi yin ɓarna shi ne awo. Diminazene, wanda aka fi sani da Berenil, ana ba da miligiram 3.5 ne ga kowane kilo. Ƙaramin ƙunshi mai giram 2.36 yana ɗauke da giram 1.05 na ainihin maganin, wato na dabba mai kilo 300. Bijimin da ya kai kilo 450 ƙunshi ɗaya da rabi yake bukata. In aka ba shi ɗaya zai ɗan farfaɗo, ƙwayar da ta tsira kuma ta saba da maganin, bobuwa ta raba ta ga sauran. Isometamidium, wato Samorin, shi ke ba da kariyar wata biyu zuwa huɗu, ana yin sa can cikin tsoka, kuma ba a haɗa shi da Berenil a lokaci ɗaya, sai an bar tazarar aƙalla mako biyu. Berenil yana da haɗari ga raƙumi da kare, doki ma sai da likita.

Yi wa mara lafiya kaɗai allura a tsakiyar lokacin ƙuda ba ya yanke cutar, don akwai masu ɗauke da ita da ba su nuna ba. Abin da ya fi shi ne likitan dabbobi ya ɗibi jini ya duba, a yi wa waɗanda suka kamu a rana ɗaya, kowace da sabuwar allura. A kuma kiyaye kwanakin da takardar magani ta hana yanka ko shan nono.

Dabbar da ta faɗi farat ɗaya, jini baƙi mara daskarewa yana fita ta hanci ko dubura, ba a yanka ta ba a feɗe ta. A rufe gawar don ƙuda, a janye sauran, a kira hukumar dabbobi. Rigakafin antiraks na shekara-shekara ne, cibiyar binciken dabbobi ta Vom tana yin sa.

Su wa abin ya fi shafa

'Yan kasuwar dabbobi su ne a gaba. Kasuwar Kara da ke Isheri a bakin kogin Ogun take, kuma ambaliya kan shafe ta wajen Satumba da Oktoba in an saki ruwan dam ɗin Oyan. A can da Oko-Oba dabbobi daga jihohi da ƙasashe daban-daban suke tsayawa kafaɗa da kafaɗa. Wanda aka saya don yanka cikin kwana biyu ba abin damuwa ba ne sosai. Wanda aka saya don a kai gona a tsare, shi ne bai kamata ya shiga garke ranar da ya iso ba.

Masu kiwon layya ma lissafinsu ya canza. A 2023, 2024 da 2025 Babbar Sallah a watan Yuni ta faɗo, tana kuma matsowa baya da kwana 10 ko 11 kowace shekara, ke nan makonnin ƙarshe na turke suna faɗawa farkon damina. Bijimin da aka kashe wa kuɗin dusa wata uku yana iya zubar da ƙibarsa a mako biyu in sammore ya kama shi, kuma in aka yi masa allura dab da Sallah namansa bai kamata a ci ba. Rumfa da raga tun farkon turke sun fi allurar ƙarshe sauƙi.

Masu dawaki, daga na Ikoyi har samarin da ke hayar doki a bakin teku a Lekki, su sani fatar doki ba ta jure wannan cizo, mikin kuma yana ruruwa in sirdi ya goge shi. A wanke miki, a shafa maganin da ke hana ƙuda sauka, a ɗaure doki a inuwa in ba aiki yake ba.

Shi kansa mai kiwon da ke wuni a bakin kurmi, riga mai dogon hannu mai haske da hula ko rawani suna rage cizon Chrysops. Wanda ya ga kumburi mai ƙaiƙayi yana fitowa a hannu yana ɓacewa, ko ya ji abu yana motsi a farin idonsa, ya je asibiti ya faɗi inda yake aiki. Kada ya sha ivermectin da kansa kafin a duba jininsa, don ga mai tsutsar ido da yawa a jini maganin yana iya taɓa ƙwaƙwalwa.